Asalin Kalmar *Melancholic* da Salsalarta: Sifar da Ta Rayu Bayan Ilmin da Ya Haife Ta Ya Mutu

1.0 Gabatarwa

Nazarin asalin kalmomi wani reshe ne na ilmin harshe, wanda aikinsa shi ne bin diddigin kalma daga kamannin da take da su a yau, a koma da ita baya har iyakar inda shaida ta tsaya. Wannan maƙala ta ɗauki kalma guda ɗaya daga cikin kalmomin likitanci na Ingilishi, wato sifar nan *melancholic*, wadda likitocin ƙwaƙwalwa suke siffanta wani nau'in ciwon damuwa da ita. Za a feɗe ƙirar kalmar, a duba saiwoyinta, sa'an nan a bi hanyoyin da ta ratsa daga ƙasar Yunan, wato Girka, har ta isa Ingila.

Dalilin zaɓen wannan kalma kuwa shi ne, ma'anarta ta asali tana nuni ga wani ruwa wanda aka daɗe da tabbatar da cewa babu shi a jikin ɗan Adam, amma duk da haka tana nan daram cikin littattafan likitoci. A nan akwai darasi ga malaman harshe da masu fassara kalmomin kimiyya zuwa Hausa, domin tushen kalma tarihinta yake bayarwa, ma'anarta ta yau kuwa a bakin masu aiki da ita ake nemanta.

2.0 Ƙirar Kalmar

Idan aka rarraba *melancholic* za a sami ɓangarori uku: saiwa biyu da ɗafa-ƙeya ɗaya, dukkansu daga Yunananci.

Na farko shi ne *melan-*, tushen sifar Yunananci *melas*, ma'ana baƙi. Na biyu shi ne *khole*, wato ruwan nan mai ɗaci da hanta take samarwa ya taru cikin matsarmama, wanda Hausawa suke kira maɗaciya. Haɗuwar biyun ta ba da harɗaɗɗen suna *melankholia*, baƙar maɗaciya ke nan. Na uku shi ne ɗafin *-ikos*, wanda yake mayar da suna sifa, da ma'anar "mai dangantaka da". Saboda haka *melankholikos* tana nufin mai baƙar maɗaciya, ko abin da baƙar maɗaciya ta haddasa. Ɗafin ya zama *-icus* a harshen Latin, ya zama *-ique* a Faransanci, ya ƙare da *-ic* a Ingilishi.

Akwai abubuwa biyu na tsarin sauti da ya kamata a lura da su. Na ɗaya, haruffan *ch* na wannan kalma ana furta su ne kamar *k*, domin da su Rumawa suke rubuta wani baƙin Yunananci mai kama da *k* mai tafe da iska. Baƙin *n* da ya gabace su kuma yana nashewa ya koma can hanɗa, daidai da yadda *n* take yi a kalmomin Hausa irin su hankali da tunkiya. Na biyu, ɗafin *-ic* yana jawo ƙarfin furuci zuwa gaɓar da take daf da shi. Shi ya sa Bature yake danna gaɓar farko a *melancholy*, amma ya danna ta uku a *melancholic*.

3.0 Saiwoyin Can Baya

Yunananci ɗaya ne daga dangin harsunan Indiya da Turai, dangin da William Jones ya jawo hankalin masana ga zumuncinsa cikin wata lacca da ya yi a Kalkata a 1786. Ta hanyar kwatanta harsunan wannan dangi, masana sun mayar da *khole* ga wata daɗaɗɗiyar saiwa da suke rubutawa *ghel-*, wadda take ɗauke da ma'anar sheƙi da launin rawaya ko tsanwa. Daga wannan saiwa Ingilishi ya gaji *yellow*, rawaya, da *gold*, zinariya, da *gall*, wadda ita ce kalmarsa ta gado ta maɗaciya. Daga ita kuma Yunananci ya sami *khloros*, tsanwa mai haske, wadda Humphry Davy ya raɗa wa sinadarin kulorin suna da ita a 1810.

Ke nan Yunanawa da launi suka raɗa wa maɗaciya suna, kuma wanda ya tsaya kan asali tsantsa zai ga *melankholia* tana cewa "baƙar rawaya", magana mai tufka da warwara. Wannan ya nuna cewa tun kafin a harɗa kalmar, *khole* ta riga ta manta da launinta a bakin masu harshen, ta zama sunan ruwa kurum. Bahaushe kuwa da ɗanɗano ya kira abin, domin maɗaciya daga ɗaci ta fito, kamar itacen maɗaci. Balarabe ya haɗa hanyoyin biyu: ya ce *mirra* saboda ɗaci, ya ce *safra'u* saboda launi.

Ita ma saiwar *melan-* tana da 'ya'ya da yawa a kimiyya. Daga cikinsu akwai *melanin*, sinadarin da yake ba fata da gashi duhunsu, da *melanoma*, wata irin sankarar fata, da sunan tsibiran Melanesiya, wanda ya yaɗu ta hannun matuƙin jirgin ruwan Faransa Dumont d'Urville a 1832. Saiwar *khole* kuwa har Hausa ta riga ta shigo ta bayan gida, domin mafi yawan masana suna mayar da sunan cutar *cholera* gare ta, kuma daga nan Hausa ta ari kwalara.

4.0 Ilmin da Ya Haifi Kalmar

Tun a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, mutanen birnin Atina suna da aikatau *melankholan* a maganarsu ta yau da kullum, da ma'anar taɓuwar hankali, kamar yadda ake gani cikin wasannin barkwanci na Aristofanis. Amma likitoci ne suka kafa wa kalmar ginshiƙi. Cikin tarin littattafan da ake jingina wa Hippokratis, wanda Larabawa suke kira Buƙraɗ, akwai wani a kan ɗabi'ar mutum, wanda aka rubuta wajen shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa, ana kuma danganta shi ga surukinsa Folibus. Littafin ya ce jikin mutum ruwaye huɗu ne suke riƙe da shi: jini, da majina, da maɗaciya rawaya, da baƙar maɗaciya. Idan suka gauraya daidai, lafiya ke nan. Idan ɗaya ya rinjayi sauran ko ya gaza, cuta ta samu.

An ba kowane ruwa ɗabi'a biyu da lokacinsa na shekara, bisa yanayin ƙasarsu. Jini mai zafi ne da danshi, yana rinjaye lokacin tohon itatuwa. Maɗaciya rawaya mai zafi ce da bushewa, tata ce tsakiyar zafi. Majina mai sanyi ce da danshi, ta hunturu. Baƙar maɗaciya kuwa sanyi gare ta da bushewa, lokacinta kaka. A wani littafin na wannan tari, mai ƙunshe da gajerun hukunce-hukuncen likitanci, an bayyana cewa tsoro da karayar zuciya idan suka daɗe wa mutum, to alamar baƙar maɗaciya ce, kuma sifar nan tamu ce aka yi amfani da ita a wurin.

Jalinus, likitan da aka haifa a Fargamum a shekara ta 129 Miladiyya, shi ya tsara wannan ilmi ya zama makaranta. A wurinsa saifa ce take tsotse baƙar maɗaciya daga abin da hanta ta dafa. Ya raba cutar gida uku: wadda take zaune cikin ƙwaƙwalwa, da wadda ta game jinin jiki duka, da wadda take tasowa daga ƙarƙashin haƙarƙari, tururinta ya hau kai ya duhunta tunani. Sunan wannan yanki na ƙarƙashin haƙarƙari a Yunananci shi ne ya ba Ingilishi kalmar *hypochondriac*, mai yawan zaton yana da cuta.

Tambayar da ta daɗe tana damun masana tarihin likitanci ita ce, jini da majina da maɗaciya duk ana ganinsu da ido, to me Yunanawa suka gani suka kira baƙar maɗaciya? Likitan Suwidin Robin Fahraeus ya kawo wata amsa a 1921. Ya nuna cewa idan aka zuba jini cikin kwalba aka bar shi ya kwanta, yakan rabu hawa huɗu: baƙin guda a ƙasa, ja a bisansa, sa'an nan fari-fari, sa'an nan ruwa rawaya a sama. A ganinsa wannan baƙin guda na ƙasa shi ne asalin zancen. Wasu kuma sun danganta shi da baƙin amai da baƙin bayan gida da ake gani idan jini ya zuba cikin tumbi.

Har ila yau akwai wata ma'ana ta biyu da ta manne wa kalmar tun wancan zamani. Cikin wani littafin tambayoyi da ake jingina wa Aristotil, an yi tambayar dalilin da ya sa fitattun mutane a falsafa da mulki da waƙa da fasaha suke zama masu baƙar maɗaciya. Daga nan sifar ta zama mai fuska biyu, fuskar cuta da fuskar baiwa, kuma ba ta rabu da su ba har yau.

5.0 Hanyoyi Biyu Zuwa Turai

5.1 Hanyar Rum

Rumawa sun karɓi kalmar ta fuska biyu. Sun are ta ɗungum, *melancholia* da *melancholicus*. Sisaro ya ambace ta cikin wani littafinsa na falsafa da ya rubuta a shekara ta 45 kafin haihuwar Annabi Isa. Sun kuma fassara ta ɓangare da ɓangare, suka ce *atra bilis*, baƙar maɗaciya, wadda daga baya ta ba Ingilishi sifar *atrabilious* a ƙarni na 17. Ta wannan hanya ce jikin kalmar ya zauna cikin Latin. Amma bayan rushewar daular Rum ta yamma a ƙarni na 5, sanin Yunananci ya yi ƙaranci a yammacin Turai, mafi yawan littattafan Jalinus suka fita daga hannun likitocinta.

5.2 Hanyar Bagadaza da Ƙairawan

A ƙarni na 9, Hunainu bin Is'haƙ, wanda ya rasu a 873, shi da almajiransa suka fassara littattafan Jalinus masu ɗimbin yawa zuwa Siriyananci da Larabci a Bagadaza. Su ma Larabawa sun yi abin da Rumawa suka yi: sun fassara sunan ruwan suka ce *almirratus sauda'u*, sun kuma ari sunan cutar. A rubuce-rubucensu ana samun *malankhuliya* da *malikhuliya*, kuma wanda ya san ajami zai gane inda gizo yake saƙa, domin nun da ya a tsakiyar kalma ɗigo ne kaɗai ya bambanta su. Siffa ta biyu ce ta fi yaɗuwa, har ta shiga Farisanci da Turkanci da Urdu. Ita kuwa *sauda'u* ta yi tata tafiyar: a Turkanci ta zama *sevda*, soyayya mai zautarwa, daga nan ta ba waƙoƙin bege na Bosniya sunansu, *sevdah*.

Is'haƙ bin Imran, likitan Bagadaza wanda ya yi wa sarakunan Aglabawa aiki a Ƙairawan ta ƙasar Tunisiya, ya kuma rasu a farkon ƙarni na 10, ya rubuta littafi sukutum a kan wannan cuta, *Maƙala fil Malikhuliya*. Ya dogara ƙwarai ga Rufus na Afisa, likitan Yunan wanda asalin littafinsa a kan cutar ya ɓace, sai guntayen da mafi yawansu marubutan Larabci suka adana. A ƙarni na 11 Kustantin Ba'afirke, mutumin Tunisiya da ya ƙaura zuwa Salerno a Italiya, ya kuma zama ɗan zuhudu a Monte Kasino, ya mayar da littafin Ibn Imran zuwa Latin da sunan *De melancholia*, ba tare da ya ambaci mai shi ba. A ƙarni na 12 kuma Jerad na Kiremona ya fassara *Alƙanun* na Ibn Sina a birnin Toledo.

Wajibi ne a bambance tsakanin hanyoyin nan biyu. Lafazin kalmar bai bi ta Larabci ya shiga Turai ba, domin yana cikin Latin tun zamanin Sisaro. Abin da ya biyo ta Bagadaza da Ƙairawan shi ne ilmin da ya cika kalmar: alamomin cutar, da rabe-rabenta, da magungunanta. Wannan ilmi na ruwaye huɗu bai tsaya a arewa kaɗai ba, ya ƙetaro Sahara cikin littattafan ɗibbu na Larabci, irin su *Kitabur Rahma fiɗ Ɗibbi wal Hikma* da ake jingina wa Suyuɗi, wanda malaman ƙasar Hausa suka daɗe da saninsa.

6.0 Shigarta Ingilishi

Bayan Normawa sun ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da shari'a, dubban kalmominsa suka kwarara cikin Ingilishi. Sunan *melancholy* ya bayyana a rubutun Ingilishi wajen shekara ta 1300, daga *melancolie* ta tsohon Faransanci. Sifar *melancholic* ta biyo baya a ƙarshen ƙarni na 14, kuma tana cikin labaran Kantabari na Geoffrey Chaucer, wanda ya rasu a 1400.

A wancan zamani sau da yawa ana rubuta gaɓar farko *mal-* maimakon *mel-*, kamar a *malencolie*. Dalili kuwa shi ne, mutane ba su san *melan-* ta Yunananci ba, amma sun san *mal* ta Faransanci mai nufin sharri ko ciwo, sai suka ja baƙuwar kalma zuwa ga wadda suka saba da ita. Wannan ɗabi'a ce ta kowane harshe idan ya yi baƙo. Sai da aka farfaɗo da karatun Yunananci a Turai masana suka gyara rubutun, suka tabbatar da *e*, suka kuma mayar da *h* da Faransanci ya yar.

Sifar ba ita kaɗai ta shigo ba, ta zo ne da 'yan'uwanta uku, ɗaya ga kowane ruwa: *sanguine* daga kalmar Latin ta jini, *choleric* daga *khole*, da *phlegmatic* daga sunan majina. Dukkansu sun tashi daga siffanta jiki suka koma siffanta hali: mai fara'a, mai saurin fushi, mai sanyin jiki, da mai yawan tagumi. Daga wannan gida ne kuma *humour* ta fito, wadda asalinta danshi, da *temperament*, wadda asalinta gauraya, daidai da *mizaj* ta Larabci.

Ƙarni na 15 zuwa na 17 shi ne lokacin ganiyar kalmar. Marsiliyo Ficino na Fulorans, cikin littafinsa na 1489, ya haɗa baƙar maɗaciya da tauraron Zuhal da kuma baiwar masana. Albrecht Dürer ya yi shahararren zanensa *Melencolia I* a 1514. A Ingila Timothy Bright ya fitar da littafi a kan cutar a 1586, sa'an nan Robert Burton na Okasfod ya wallafa *The Anatomy of Melancholy* a 1621, wanda ya yi ta faɗaɗa shi har ƙarshen rayuwarsa.

7.0 Mutuwar Ilmin da Rayuwar Kalmar

Shekara bakwai bayan littafin Burton, wato a 1628, William Harvey ya bayyana yadda jini yake zagaya jiki, abin da ya girgiza tsarin Jalinus na hanta da jijiyoyi. Masu feɗe gawa suka yi ta neman baƙar maɗaciya cikin saifa ba su same ta ba. Zuwa 1858, lokacin da Rudolf Virchow ya kafa hujjar cewa cuta daga ƙwayoyin halittar jiki take farawa, ilmin ruwaye huɗu ya riga ya bar makarantun likitanci na Turai.

An yi yunƙurin binne kalmar tare da ilminta. A farkon ƙarni na 19 likitan Faransa Esquirol ya ga cewa ta zama ta mawaƙa, ya ƙirƙiro *lypémanie* daga kalmar Yunananci ta baƙin ciki domin ta maye gurbinta, amma sabuwar ba ta yi tsawon rai ba. A farkon ƙarni na 20 Adolf Meyer a Amurka ya ba da shawarar a koma ga *depression*, wadda asalinta dannewa ƙasa, kuma wannan ta karɓu, ta zama babban sunan ciwon. Duk da haka tsohuwar ba ta fita ba. Sigmund Freud ya sa ta a kan maƙalarsa ta 1917 da ya kwatanta ta da makoki. Kundin cututtukan ƙwaƙwalwa na ƙungiyar likitocin wannan fanni ta Amurka ya ba ta gurbi a bugunsa na 1980, ya kuma riƙe ta a na 1994 da na 2013. Haka nan tana cikin kundin cututtuka na 11 na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya fara aiki a 2022.

Sai dai ma'anarta ta tsuke ƙwarai. A wurin likita a yau, *melancholic* tana siffanta ciwon damuwa mai wasu alamomi sanannu: majinyaci ya daina jin daɗin kusan kome, ko an zo masa da abin farin ciki ba ya motsawa, ciwon ya fi tsananta da safe, yakan farka aƙalla awa 2 kafin lokacin da ya saba, motsinsa da maganarsa su yi nauyi, ko kuwa ya kasa zama wuri ɗaya, cin abinci ya ragu har ya rame, ya riƙa ɗora wa kansa laifin da ya wuce kima. Ba maɗaciya a cikin wannan bayani, ba saifa, ba kuma Zuhal.

8.0 Kammalawa

Mai karatu Bahaushe ba zai rasa lura da kamar da take tsakanin *melankholia* da baƙin ciki ba: duka biyu harɗaɗɗun kalmomi ne da suka haɗa baƙi da wani abu na cikin jiki domin su ambaci ɓacin rai. Kamar tana da ban sha'awa, amma kama da wane ba ta wane. Baƙin ciki yana da abokin tafiyarsa, farin ciki, kuma cikin tsarin Hausa na fari da baƙi yake zaune, tare da farin jini da baƙin jini, da farar aniya da baƙar aniya. Bai dogara ga wani ilmin ruwaye ba. Daɗin daɗawa, baƙin ciki hali ne da yake samun kowane mai rai idan ya yi rashi, ya kuma wuce, alhali abin da likita yake nufi cuta ce mai bukatar magani.

Saboda haka mai fassara yana da ramuka biyu a gabansa. Idan ya bi asali ya ce "mai baƙar maɗaciya", ya tayar da ilmin da aka binne fiye da shekara 150 da suka wuce. Idan ya bi kama ya ce "mai baƙin ciki", ya mayar da cuta abin da za a ce wa mai ita ya yi haƙuri kurum, ya kuwa yiwu a hana shi zuwa asibiti. Abin da ya fi dacewa shi ne a gina fassarar bisa alamomin da likitoci suke nufi, alal misali a ce ciwon damuwa mai kashe jin daɗi, a bar wa tarihi baƙar maɗaciyarsa. Wannan ƙa'ida ta shafi sauran kalmomin likitanci masu irin wannan tarihi, kamar *malaria* da asalinta yake nufin mugunyar iska, da *hysterical* da ta fito daga sunan mahaifa, waɗanda kowace daga cikinsu ta cancanci nazari na musamman.